Salamanda a Huhun Goron Hajiya Absatu

Aikin farko da aka ba ni a kantin dabbobi shi ne in cire wa tsaka saɓa daga yatsa. Ku da kuke cewa Baba Haruna ba aiki yake ba, kallon ƙadangaru yake a biya shi, ku zo ku gwada. Tsaka in ta yi saɓa, wani lokacin tsohuwar fatar takan maƙale a ƙarshen yatsa ta bushe, ta shaƙe shi. In ba a cire ba, yatsan ya mutu ya guntule. Sai ka zuba ruwa mai ɗumi a faranti, ka tsayar da ita ciki har fatar ta jiƙa, sannan ka ɗauki auduga ka riƙa murzawa a hankali. Ba ka ja, ba ka matsa, kuma kada ka kuskura ka kama wutsiya, don za ta yar maka da ita a hannu ta tsere. Ni ɗan Damagaram, wanda tun yana yaro in ya ga tsaka a bango takalmi yake nema, ga ni a bakin kogin da ya ratsa Paris ina yi mata wankin ƙafa.

Kafin nan a Rungis nake, babbar kasuwar sari, ina jidar kwalayen latas da karas. Wani direba da nake yi wa lodi yana kai ragowar ganye kantin wani tsohon Bature, Mushe Zilber, don zomaye da kunkuru. Shi ya ce mini tsohon yana neman mutum mai haƙuri wanda wari bai dame shi ba. Ranar da na je, Mushe Zilber bai tambaye ni komai ba. Ya ja ni ɗakin baya, inda akwatunan gilashi suke jere layi biyu. Na hagu da fitilu a kansu da yashi a ciki, tsaka ke nan. Na dama duhu, sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da gansakuka, ban ga komai a ciki ba. Ya tona da yatsa ya fito da wata aba baƙa mai ɗigon rawaya, jikinta na sheƙi, ya ce sunanta salamanda. Ya ce hagu ƙasarku ce, dama ƙasarmu ce, ranar da ka haɗa su ka koma ɗaukar latas.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Dogon hantsaki na miƙa abinci, kwalbar fesa ruwa, ma'aunin zafi, da wani farin gari da ake barbaɗa wa gyare kafin a ba tsaka, don ƙashinta ya yi ƙwari. Amma gyaren nan kai za ka yi kiwonsa, a manyan robobi cike da kwalin ƙwai, kuma wanda bai taɓa buɗe robar gyare da safe ba bai san wari ba. Suna shiga aljihu, suna shiga naɗin wando. Wata Juma'a liman na cikin huɗuba gyare ya tayar da kuka daga cikin jakata, sahu guda ya juyo yana kallona. Tana kuwa, abincin salamanda, sai ka wanke ta ɗaya bayan ɗaya.

Tunda kullum kuna tambaya wacce ta fi daɗin kiwo, bari in gaya muku. Tsaka mutuniyar kirki ce. Ka ba ta ɗumi a gefe guda, da wurin ɓuya, da gyare, ta yi shekaru tare da kai. Ka manta da ita kwana biyu, ta ci kitsen da ta tara a wutsiya ba ta riƙe ka a rai ba. Wata irinta mai zanen damisa har hawa hannu take ta zauna. Akwai dai wata babba mai ruwan toka da ɗigon ja, ita in ta kama maka yatsa sai ka yi salati kafin ta saki, amma ko ita a fili take mugunta. Salamanda kuwa ba ma dangin ƙadangare ba ce, 'yar'uwar kwaɗo ce da ta samu wutsiya. Da fata take shan ruwa. Gishirin tafin hannunka ƙuna ne a jikinta, sabulu guba ne, ruwan famfo ma sai an bar shi ya huce daga maganin da ke ciki. Ba ta son haske, ba ta son hannu, ba ta son zafi ko kaɗan. Wanda ya saye ta akwatin laka ya saya, don wuni take a binne. Ga kuma gaskiyar da mutanenmu ba su son ji: tsakar da muke bi da takalmi wai tofinta na sa kuturta, ba ta da dafin komai. Salamanda ce in ta tsorata fatarta ke tsatso wani farin ruwa mai ɗaci, wanda in ka murza ido da shi za ka gane kurenka. Shi ma ruwa ke wanke shi.

Masu saye, Allah ya shirye su. Mace ta shigo da ƙyallen labulenta a jaka tana neman dabbar da za ta dace da launinsa. Uba ya zo da ɗansa yana son abin da yaro zai runguma. In ce ku ɗauki tsaka, su ce a'a, waccan mai rawayar ta fi kyau. In yi bayani har bakina ya bushe, su gyaɗa kai, ba a jima ba su dawo da ita a kwalin takalmi ta sandare, suna cewa marar lafiya na sayar musu. Namu kuma kurensu daban ne, don mu duk abin da ke da ƙafa huɗu da wutsiya mun ɗauka rana yake so. Wani maigadi mutumin Tawa ya saya wa ɗan matarsa Baturiya salamanda. Da sanyi ya shigo sai ya ɗora akwatin kan hita mai ɗumama ɗaki. Ya zo mini da gawar yana cewa, "Malam, wallahi tausayinta na ji, na taɓa ta na ji ta yi sanyi ƙalau." Na ce masa ai lafiyarta ke nan ka taɓa.

Muguwar shekararmu ita ce dubu biyu da uku, shekarar zafin nan da ya kwashe tsofaffi a gidajensu. Watan Agusta ne, Mushe Zilber ya tafi hutu bakin teku ya bar mini makullai. Ni da na tashi a Damagaram ban taɓa zaton Paris za ta sa ni neman inuwa ba, amma gidajensu an gina su ne don riƙe zafi, kuma sun riƙe. Na kashe fitilun tsaka, su ko a jikinsu, har ƙara cin gyare suka yi. Layin dama kuwa ya zama abin tausayi. Salamanda suka fito daga ƙasa suna zagaye gilashi, fatarsu ta dushe. Fanka iskar zafi kawai take juyawa. In sa kwalaben ƙanƙara, kafin in juya sun zama ruwan shayi. Kowace safiya sai na kwashe gawa. Na buga wa maigida waya otal ɗinsa, ya ce in yi dabara, ya ajiye.

Dabarar da ta zo mini ita ce Hajiya Absatu. Mutuniyar Maraɗi ce, mai goro a unguwar Château Rouge ta Paris, kantinta ɗan siriri tsakanin mahauci da masu kitso. Duk mai suna, duk mai ɗaurin aure, duk mai sadakar mamaci a cikin mutanenmu, daga 'yan Nijar har 'yan Cadi da Kamaru, goronta yake rabawa. Sirrin goronta ɗakin ƙasa ne na dutse a ƙarƙashin kantin, mai sanyi ko da yaushe. Can take zazzage huhu, ta zaɓe, ta yayyafa ruwa, ta sake ganye, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Na taɓa taya ta sauke kaya, na san wurin. Na same ta tana fifita da kwali, muka gaisa har kan 'yan gida, sannan na ce alfarma na zo nema, in ta ƙi ba ta yi laifi ba.

"Hwaɗi, ƙanena, ina jin ka," in ji ta.

Na faɗa mata ina son in ajiye dabbobin a ɗakin ƙasa. Ta ajiye kwalin ta dube ni.

"Tsaka za ka kawo min cikin goro?"

"Ba tsaka ba ce, Hajiya. Dangin kwaɗo ce."

"Ƙahwa huɗu gare ta?"

"E."

"Da wutsiya?"

"Da wutsiya."

"To mi ya rage?"

Ta tambaye ni abin da dabbar take bukata, na ce sanyi, da laima, da duhu, kuma kada a yawaita taɓa ta. Sai ta fashe da dariya ta ce ashe duk shekarun nan goro nake kiwo ban sani ba. Da ta gama dariyar ta ce, "Kawo su, rai ne. Amma ka san mutanenmu, Haruna. Ran da wani ya ji, na gama sai da goro a garin ga."

Na zuba su a robobi masu murfi, na huda ƙananan ramuka, na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar gansakuka, na jera a jakar buhu tare da kwalaben ƙanƙara. Metro mai lamba huɗu, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na shiga da su, mutane suna ta zufa suna matse ni, ni kuma na rungume jaka. Muka ajiye su can ƙuryar ɗakin, bayan huhunan. Kafin wani lokaci fatarsu ta dawo da sheƙi, suka koma ƙarƙashin ƙasa, suka karɓi tana. Daga ranar ban sake kwasar gawa ba. Kullum in na rufe kanti sai in biyo in ba su abinci. Da farko Hajiya a kan matakala take tsayawa tana a'uziyya. Sannu a hankali ta sauko, har ta kai ita ke yi musu yayyafi da safe idan tana yi wa goronta.

Nan aka samu matsala, kuma ba wauta ta yi ba a iliminta. Mai goro ya san in ka toshe goro ruf sai ya gumu ya ruɓe, saboda haka kowace safiya takan sassauta bakin huhu ya sha iska. Ta dubi ramukan da na huda ta ga sun yi ƙanana, ta ce a ranta bayin Allah nan za su shaƙe. Sai ta ɗaga murfin roba ɗaya kaɗan, kamar yadda take yi wa goro. Salamanda kuwa ba ta da sauri, amma ba ta gajiya, kuma babu abin da take so a duniya irin jiƙaƙƙen ganye.

Washegari wani Alhaji Sani mai atamfa, mutumin Tasawa, ya zo da abokansa biyu sayen goron ɗaurin auren ɗiyarsa. Irin mutanen nan ne da ba su yarda da abin da ke kan faranti, sai an buɗe musu sabo. Aka hau da huhu, ya sa hannunsa ya ɗaga ganye, sai ga ta kwance a kan farin goro tana kallonsa. Waya aka buga mini kanti. Kafin in iso ƙofa ta cika, masu kitso sun fito da mata kai rabi a tsefe, mahauci ya leƙo da wuƙa a hannu, wani ya riga ya cire takalmi. Hajiya ta kife kwano a kan dabbar ta ɗora ƙafarta a kai, ta ce ba mai taɓa ta, amana ce.

Na jiƙa hannu na ɗauko ta. Na ce jama'a ku duba da idonku. Tsaka busasshiya ce, jikinta da kaushi, wannan santsi gare ta. Tsaka tana son ɗumi, wannan ɗumi ke kashe ta. Tsakar gida tana hawa bango, wannan a ruwa aka haife ta kamar talibambam. Duk abin da na koya a ɗakin bayan Mushe Zilber na zazzage musu a bakin titi.

"Malam, mu ba lakwal muka zo ɗaukar karatu ba," in ji Alhaji Sani. "Kai da ke ciyar da tsaka a biya ka, ai dole ka kare ta."

Ɗaya daga cikin abokansa ya ce, "To mun ji. Tana da dahi ko ba ta da shi?"

An tambaye ni sana'ata, na ba da amsar sana'ata. Na ce fatarta takan fitar da ɗan ruwa mai ɗaci, amma ɗauraya ɗaya ke kawar da shi, kuma tsakar da suke tsoro ma ko wannan ba ta da shi. A cikin maganar nan duka, rabin farko kaɗai ya shiga kunnensu.

"Kun ji ko! Shi da bakinshi!" in ji mai tambayar.

Hajiya ta matso. Ta sa hannu ta ɗauki goron da dabbar ta kwanta a kai, ta ɗauraye a kofi, ta ɓare, ta jefa a baki, ta tauna tana kallon Alhaji har bakinta ya yi ja. Ta miƙa masa ɗaya ɓarin. Ya mayar da hannuwansa cikin riga ya ce Allah ya sawwaƙe, ya juya, jama'a suka bi shi.

Kafin Juma'a labari ya yi 'ya'ya. Dabba ɗaya ta zama kwando guda. Salamanda ta zama tsaka, don ba wanda zai wahalar da harshensa. Daga nan aka ce ai da gangan take kiwonsu a cikin goro, asirin kasuwa ne wani boka ya ba ta, shi ya sa ta fi kowa ciniki. Dattawa masu gemu, waɗanda suka yi shekaru suna cin goronta ba ko ciwon kai, suka riƙa duba yatsunsu a cikin metro. Waɗannan fa su ne masu cin kifin da ya yi wata a jirgin ruwa ba su tambayi abin da ya taka shi ba. Na bi su majalisa majalisa ina bayani, sai aka fara janye mini kwanon abinci. Goro kuwa ba ya jiran a gama gulma. Huhunan suka bushe a ɗakin ƙasa.

Na ce mata bari in kwashe dabbobina ko ƙura ta lafa. Ta ce, "Ka kai su ina, cikin wutar can? Abin da zai ɓaci ya riga ya ɓaci. Bar su sai zahi ya hwaɗi." Haka suka zauna har aka yi ruwa gari ya huce. Mushe Zilber ya dawo fatarsa ta yi ja da rana, ya leƙa akwatuna, ya ce madalla. Na ba shi labarin abin da ya samu matar da ta cece su, ya girgiza kai ya ce mutanenku akwai ban mamaki, ya aika mata da kwalin cakulan. Dabbobin kuma aka sayar wa masu labule da masu hita. Hajiya ta jure har shekara ta zagayo, tana buɗe kanti tana zama, 'yan Mali da 'yan Senegal da ba su ji labari ba suna ɗan saye. Amma goron buki shi ne ciniki, kuma ba wanda ya sake zuwa. Ta rufe, ta koma wurin ɗiyarta Hadiza a Bron, kusa da Lyon.

Da Mushe Zilber ya tsufa ya sayar da kanti, ni ma Lyon na samu aiki, a wani ƙaton shago da ke sayar da komai daga abincin kare har tukunyar fure. Salamanda ta yi wuya a kasuwa, wata cuta ta shigo musu, takardu suka yi yawa. Tsaka kuwa ta cika gari, kowane saurayi ya kalli waya ya zama malami, ya zo yana gyara mini magana alhali bai taɓa wanke tana ba. Nakan hau taram, jirgin cikin gari, in je gaishe da Hajiya. Ba ta taɓa ɗaga mini zancen ba, sai dai ta ce yaya goronka mai ƙafa.

Ana nan Hadiza ta haihu, aka sa suna. Baƙi suka zo har daga Paris, cikinsu da tsofaffin fuskokin Château Rouge. Goron ma daga can aka yo odarsa. Da liman ya yi addu'a aka faɗi suna, sai Hajiya ta miƙe, ta ɗauki farantin goro za ta fara rabawa, ita ce kakar jariri, kuma wa ya fi ta sanin wanda ake fara ba. Ina zaune kusa da ƙofa na ga wata mata ta taɓa ta kusa da ita, na ga wani dattijo ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Hadiza ma ta gani. Ta zo da sauri tana murmushi, ta kama farantin ta ce, "Inna, zamna ki huta, kin gaji," ta miƙa wa wata maƙwabciya. Raina ya ɓaci. Hajiya ta saki farantin ba gardama, ta zo ta zauna a kujerar da ke gefena, ta naɗe hannuwanta cikin mayafi.

Maƙwabciyar ta zagaya, kowa ya ɗiba yana sa albarka, ni ma aka ba ni nawa. Hajiya ta dubi goron da ke tafina, ta karɓa, ta juya shi, ta danna da farce. Wani ɗan baƙin rami ya bayyana, da garin tsutsa a bakinsa.

"Kada ka ci wanga," ta ce a hankali. "Sankara gare shi. Duk huhun haka yake, tun daga ƙohwa na gani."

Na ce to ta gaya musu mana. Ta dubi ɗakin, kowa na tauna.

"Wa zai ji maganar goro daga bakina?"